An ce batirin ƙwaina ya yi sanyi: in kwashi adashi in sayi maganin?

Uwar Zaure: Assalamu alaikum. Wata 'yar uwarmu ta turo min wannan ta bayan fage, ta ce a sakaya sunanta. Wadda ta san wani abu ta taimaka. Ban da gori, ban da talla.

"Adda, don Allah ki sa min wannan a zaure. Shekaruna 38, ina Tudun Wada nan cikin Gombe. A aurena na fari na haifi 'ya ɗaya, yanzu tana aji uku a ƙaramar sakandare. Bayan rasuwar babanta na yi shekara 7 a gida, sai bara waccan Allah Ya kawo wani. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni na yi ɓari sau biyu, duka ba su kai wata uku ba. Na biyun a madafi ya same ni, ina tuƙa tuwon masara, na ji ɗumi yana bin ƙafata. Na jingine muciya na zauna a kan turmi, ko kiran wani ban iya ba, har tuwon ya kama. Yau wata 8 ke nan shiru. Makon jiya a gidan suna wata ta fito da kwalabe daga jaka, ta ce matsalata batirin ƙwai ne, wai sunansa maitokondiriya, shekaru sun sa ya yi sanyi. Ta ce in na sha nata wata uku ƙwaina zai koma na 'yar shekara 25. Kwalba uku naira dubu 85. Ƙarshen watan nan ni ke kwasar adashi. Da gaske akwai wannan abu a jikin mutum, ko sunan kasuwa ne? In saya?"

Amaryar Deba: Allah sarki. Allah Ya mayar miki da alheri. Ni ban taɓa jin sunan ba ma.

Goggon Yara, Kumo: 'Yar nan, riƙe kuɗinki. Mu da aka haife mu goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya babu wanda ya taɓa yi wa Dada cajin batiri. Autanmu tana da shekara 46 ta haife shi, ana cikin shirin bikin jikarta. Haihuwa ta Allah ce. Yau batiri, gobe kuma za su ce caja ce ta lalace.

Malamar Bayoloji, Tumfure: Goggo, kin sa na yi dariya a ofishin malamai. Amma abin akwai shi, ina koyar da shi 'yan aji ɗaya na babbar sakandare duk shekara. Jikinmu ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, ƙwayoyin halitta. A cikin kusan kowane ɗaki akwai 'yan murhuna, su ne maitokondiriya. Abincin da kika ci shi ne itacen, iskar da kika shaƙa ita ce fifita, abin da ya fito shi ne ƙarfin da ɗakin ke aiki da shi. Na fi son in ce murhu a kan batiri, don batiri ba ya hayaƙi, wannan kuwa yana yi, kuma hayaƙin nasa kan ɓata ɗakin a hankali.

To duk jikin mutum babu ɗakin da ya kai ƙwan mace yawan murhu. Ƙwai ɗaya da ya nuna yana ɗauke da sama da 100,000. Ƙwayar maniyyi ɗaya kuwa nata ba su cika ɗari ba, a wuyanta suke, su kaɗa wutsiya ta yi iyo ta isa, da ta shiga ƙwan sai a rushe su. Shi ya sa kowa maitokondiriyar uwarsa yake ɗauke da ita. Ni ta Innata ce, ita ta kakata. Ɗana ma tawa ce a jikinsa, amma ba zai ba 'ya'yansa ba.

Yadda nake faɗa wa yara: gara ce. Ango ya zo da takardarsa, amarya ce ta zo da buhunan shinkafa da manja da itace. Kwanakin farko bayan ciki ya shiga, ɗan tayin ba ya ƙera sababbin murhuna, da garar da ƙwan ya zo da ita yake rabuwa gida biyu, huɗu, takwas, har ya isa mahaifa ya maƙale. In garar ba ta kai ba, tafiyar kan tsaya a hanya.

Goggon Yara, Kumo: Oho. Ashe har a can ma mu ke kai gara. Allah Ya isar mana.

'Yar Bolari: Alhamdulillahi da malama ta yi bayani, don kada a ce mu 'yan kasuwa ne muka ƙirƙira. Ni ina sayar da irin wannan, ba zan ɓoye ba, kodayake ba ni ce ta gidan sunan ba. Sinadarin da ke ciki CoQ10 ne, kuma Turawa da kansu suka gwada suka ga ƙwai ya farfaɗo. Ina da mata uku da suka sha suka samu ciki, ɗaya ma tagwaye. Wadda ke da hali ta gwada, ba a hana mutum neman magani.

Uwar Zaure: 'Yar Bolari, na bar wannan don kin fito fili. Amma kada in ga lambar waya.

Adda Likita: Yanzu na fito daga ɗakin awo, na karanta duka. Mai tambaya, sannu, Allah Ya ba ki ladan haƙuri. Bari in ɗora a kan na malama, sannan in zo kan kwalba.

Namiji kullum jikinsa ƙera sabon maniyyi yake, kusan wata biyu da rabi ake yi a gama kowane zubi. Mace ba haka ba. Tun kina cikin mahaifiyarki, wajen wata biyar, aka ƙirga miki ƙwanki, miliyan 6 zuwa 7. Ranar da aka haife ki sun koma miliyan 1 zuwa 2. Da kika fara al'ada saura kamar 300,000 zuwa 400,000. A cikinsu waɗanda za su nuna su fito duk rayuwarki ba su wuce 400 zuwa 500 ba, sauran narkewa suke yi, ko kina da aure ko ba ki da shi, ko kina tsarin iyali ko ba kya yi. Ma'ana ƙwan da ya fito miki watan jiya ya girmi ranar sunanki. Shekara 38 da ɗoriya yana zaune yana jira.

Ga inda murhu ya shigo. Kafin ƙwai ya haɗu da maniyyi dole ya raba kayan gadonsa biyu. Kuromosom 46 ne, zai riƙe 23 ya yar da 23, don na miji su cike. Wasu siraran zaruruwa ne ke jan su gefe da gefe, kuma jan nan yana cin wuta sosai. In wutar ta yi ƙasa, ko ɗaurin da ya riƙe su shekara da shekaru ya saki, sai rabon ya karkace, ƙwan ya tashi da 24 ko 22. Irin wannan ƙwai yakan karɓi maniyyi, gwajin fitsari ya nuna layi biyu, a yi murna, sati 7 ko 9 ya zube. Wajen rabin ɓarin farkon ciki daga nan yake. Ba tuwon da kika tuƙa ba ne, ba ɗaukar bokiti ba ne, ba hawa Keke Napep ba ne. Na faɗi wannan don na san abin da ake faɗa wa mace a gida.

Kuma karkacewar tana ƙaruwa da shekaru. Daga 32 abin yakan fara sauka a hankali, bayan 37 ya ƙara sauri. Misali ɗaya da aka ƙirga sosai shi ne larurar Down, inda kuromosom na 21 ke zuwa uku: a shekara 25 kamar ciki 1 cikin 1,200 ne, a 35 kamar 1 cikin 350, a 40 kamar 1 cikin 100. Ku lura, ko a 40 ɗin 99 lafiya lau suke ta wannan fuskar. Saukowa ce, ba rufe ƙofa ba.

Goggon Yara, Kumo: To likita, Dadarmu fa?

Adda Likita: Goggo, Dada gaskiya ce, kuma kowace unguwa akwai irinta. Amma ki tuna sa'o'inta nawa ne suka tsaya da haihuwa tun suna 39 ko 40, babu wanda ya ba da labarinsu, don wadda ta haifi takwas in ta tsaya ba a kiran abin matsala. Ita wadda ke neman na fari ko na biyu a wannan shekarun ita ke jin saukar a jikinta.

Sai kwalba. CoQ10 ba ƙarya ba ne, jikinmu ma yana yin sa, yana cikin kayan aikin murhun. A 2015 masu bincike a Toronto ta Kanada sun ba tsofaffin ɓeraye, ƙwansu ya gyaru ƙwarai.  A mutane kuwa, wani gwaji da aka yi a Chaina aka fitar a 2018 ya ba mata miligiram 600 kullum na kwana 60 kafin a yi musu dashen ƙwai, wato a ciro ƙwan a haɗa shi da maniyyi a asibiti a mayar mahaifa. An samu ƙarin ƙwai da aka ciro, ƴan tayin ma sun fi kyau a ido. Amma da aka zo ƙirga jariran da aka haifa, bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Kuma matan nan duk ba su kai 35 ba, kuma dashe ake musu a asibiti, ba a gida suke jira ba. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan: wataƙila ya ɗan taimaka, galibi ba ya cutarwa. Mai da ƙwan 38 ya koma na 25 kuwa, babu abin da ke yin haka a duniya, ko a Landan.

'Yar Bolari: To matana uku fa? Ƙarya suka yi?

Adda Likita: Ba su yi ƙarya ba. Mata nawa kika sayar wa gaba ɗaya?

'Yar Bolari: Ban ƙirga ba. Da yawa.

Adda Likita: Nan take. In kika tara mata arba'in masu neman ciki kika ba su ruwan Dadin Kowa a kwalba, bayan wata shida wasu za su dawo da ciki, don dama suna kan hanya. Waɗanda ba su samu ba ba sa dawowa su ba ki labari, kunya suke ji. Mai tagwayen nan kuma ki tambaye ta ko tana haɗawa da Clomid, maganin tunkuɗo ƙwai.

Mai Kemis, Jekadafari: Wallahi likita kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Clomid ya zama kamar farasitamol. Mace za ta zo da sunan a rubuce a bayan katin waya, ƙawarta ce ta ba ta. Wata ta ce min wata goma sha ɗaya tana sha a jere. Shi aikinsa tunkuɗo ƙwai ya fito ga wadda nata ba ya fita, ba ya gyara ƙwan, kuma likitoci ba sa son a wuce zagaye shida. Yana iya sirantar da shimfiɗar mahaifa ma. Game da CoQ10 kuma, ana samunsa a manyan kemis da lambar NAFDAC a jiki. Abin da ke tsorata ni kwalbar da aka sake wa takarda, ba ki san me aka zuba ba. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kuma kada ta taɓa shi sai da sanin likitanta.

'Yar Bolari: Kowa dai kasuwarsa yake karewa. Ku ma ai ba sadaka kuke bayarwa ba.

Mai Kemis, Jekadafari: Ban ce sadaka nake ba. Amma ban taɓa cewa kowa zai koma ɗan 25 ba.

Ummu Khalil, Nasarawo: Ni abin da na fahimta a duk bayanin nan shi ne iyayenmu sun fi mu gaskiya. A yi wa yarinya aure da wuri ta haihu da ƙwanta sabo. Yanzu an ce sai digiri, sai bautar ƙasa, sai aiki, tana farkawa ta kai 33, sannan a fara yawon asibiti.

Malamar Bayoloji, Tumfure: Ummu Khalil, ki sake karanta tambayar. Matar nan ta yi aure da wuri, ta haihu tana 24. Mijinta ne ya rasu. Digiri ne ya kashe shi? Zawarawa nawa ne a Gombe ke zaune shekara biyar, bakwai, ba don sun ƙi aure ba? Kuma tsakanin 20 da 30 ƙwai lafiyarsa lau, babu wanda ya ce sai an aurar da 'yar 14. Wannan kuma ungozomomi su faɗa miki abin da suke gani a ɗakin haihuwa.

Ungozoma, Bajoga: Kada ma a fara. Shekarata 19 a ɗakin haihuwa. Ƙwai sabo a ƙugun da bai gama buɗewa ba, na ga ƙarshensa, jijjiga da yoyon fitsari. A bar wannan maganar.

Ni abin da ke damuna daban ne. Tun safe ana ta batiri, batiri, babu wanda ya tambayi maigidan. A nan garuruwanmu abin da na fi gani yana hana ciki ba tsufan ƙwai ba ne. Sanyi ne da aka bari ya toshe bututun mahaifa, ko cutar da ta biyo bayan haihuwa a gida ko ɓarin da ba a kula da shi ba. Sai kuma maza. Kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajin maniyyi yana da araha, ba allura ba ciwo, amma sai ka ga mace ta sha jiƙo, ta sha tsimi, ta yi hayaƙi, ta sayar da 'yan kunnenta, shi ko ƙofar ɗakin gwaji bai sani ba.

Uwar Zaure: Mai tambaya ta amsa: "Yana da 'ya'ya biyar da uwargida, ƙaraminsu shekara 9. Ya ce shi an riga an shaide shi."

Ungozoma, Bajoga: Shekara 9 uwargida ba ta sake ba, amarya ta zo ita ma ana fama. Ban ce komai ba. Amma shaidar shekara 9 ta tsufa. Ciwon suga, hawan jini da magungunansa, sanyi, taba, duk suna canja namiji.

Goggon Yara, Kumo: Wannan kam gaskiya ne. Sai dai ba a faɗa wa namiji haka gatsau. Ki ce likita ta ce ba za ta duba ki ba sai da takardarsa, ki ɗora wa likita laifin. Su likitoci sun saba ɗaukar zagi.

Adda Likita: Na ɗauka, Goggo. A ce ni ce.

Nas 'Yar Kaltungo: Gaisuwa daga Ingila, ina bin ku tun ɗazu a lokacin hutu. Tun da an ambaci Landan bari in faɗi abin da ake yi a nan, don wata rana za a kawo muku shi a gidan suna a ce ana yi a Abuja. A 2015 majalisar Birtaniya ta halatta abin da jaridu ke kira jariri mai iyaye uku. Ana ɗaukar kayan gadon miji da mata a sa a cikin ƙwan wata mata da aka cire nata kayan gadon aka bar murhunanta. A Newcastle ake yi, kuma a watan Yulin 2025 suka sanar an haifi yara 8 ta wannan hanya, maza huɗu mata huɗu. Amma ba don tsufan ƙwai ake yi ba. Akwai matan da murhunansu ke da cutar gado, yaro ya zo da ciwon ƙwaƙwalwa ko zuciya ko tsoka, da yawa ba sa wuce ƙuruciya. Kamar jariri 1 cikin 5,000 ne ke zuwa da irin wannan. Su dokar ta ba wa dama, kuma kowace sai hukuma ta duba takardunta ita kaɗai.

Adda Likita: Na gode 'yar Kaltungo. In ƙara: an gwada wa masu neman haihuwa ma. Wani kamfani a Amurka ya fito da dabarar ciro murhuna daga jikin ita matar a ƙara wa ƙwanta, mata suka biya dubban daloli. Da aka yi gwajin gaskiya a Balensiya ta Sifen, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna bai ƙara komai ba. To in allurar da aka soka har cikin ƙwan ba ta mai da shi yaro ba, ku auna kwalbar jaka.

Wani abin da ya ba ni sha'awa kuma, a 2022 masu bincike a Basalona sun gano yadda ƙwai ke yin shekara arba'in bai ƙone ba. Ashe kashe wani sashe na murhun yake, wanda ya fi fitar da hayaƙi, ya zauna a kan ƙaramar wuta. Kamar yadda iyayenmu ke rufe garwashi da toka da dare, da asuba a tone a hura. Ni wannan ya sa nake ɗari-ɗari da duk mai cewa zai hura wa ƙwai wuta. Ƙwan da kansa lallaɓa wutar yake.

Malamar Islamiyya, Pantami: Subhanallah. Tun da an kawo zancen iyaye uku, kada a wuce ba a faɗi hukunci ba. Dashen ƙwai tsakanin miji da matarsa, da maniyyinsa da ƙwanta da mahaifarta, kuma auren yana nan, malamai sun halatta. Azhar ta ba da fatawa tun 1980, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Amman a 1986. Abin da suka hana shi ne shigowar na uku, ƙwan wata ko maniyyin wani ko aron mahaifa, saboda nasaba. Har majalisar fiƙihu ta Makka ta taɓa yarda a dasa a mahaifar kishiya a 1984, shekara na zagayowa ta janye. Wanda ya kai ga wannan mataki ya zauna da malami masani, kada ya tsaya a kan abin da ya karanta a waya. Sannan 'yar uwa, neman magani ba ya karo da tawakkali. Annabi Zakariyya da tsufansa bai daina roƙo ba.

Amaryar Deba: Mahaifar kishiya! Ai da an ga yaƙin duniya na uku a Deba.

Nas 'Yar Kaltungo: Malama, a kan na Newcastle, abin da ke zuwa daga mace ta biyun ƙwayoyin gado 37 ne kawai, a gefen wajen 20,000 na uwa da uba. Kama da launi da tsawo duk na iyayen ne.

Malamar Islamiyya, Pantami: Na ji. Amma malama ta ce ta uwa ake gadonsa har jikoki. Ke nan 'yar da aka haifa haka za ta miƙa wa 'ya'yanta abin wata mata. Kaɗan ne ko mai yawa, ni ba zan yanke ba, ya fi ƙarfina.

Ummu Khalil, Nasarawo: To yanzu duk an rushe. Babu abin da mace za ta yi ke nan sai ta zauna?

Adda Likita: Akwai, sai dai ba mai daɗin talla ba ne. Ƙwan da zai fito yana ɗaukar wajen wata uku yana nuna, kuma yanayin jikinki a watannin nan yana shafarsa. Suga in ya hau yana wahalar da murhunan nan, don haka a auna, musamman mai ƙiba ko mai al'ada da ke tsallake wata da gashi a haɓa. Rage ƙiba ko kaɗan kan dawo wa wasu da fitar ƙwai. Taba tana ƙone ƙwai har ta jawo ɗaukewar al'ada da shekara ɗaya zuwa biyu, kuma 'yan matanmu masu shisha su sani ita ma taba ce, hayaƙin maigida a ɗaki ma bai bar ki ba. Abinci kuwa wanda muka sani ne: wake, gyaɗa, riɗi, zogale, alayyafo, kifi, ƙwai. Lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu a rage. Folik asid, maikurogiram 400 kullum tun kafin ciki, ba don ƙwai ba, don kare ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri, kuma kuɗinsa bai kai na katin waya ba. Wadda ta ga dama ta ƙara CoQ10 mai rajista bayan wannan, ban hana ba.

Abin da na hana shi ne a ba kwalba wata uku ana jira. Ƙa'ida ita ce shekara ɗaya ba ciki a je asibiti, amma wadda ta haura 35 wata shida ne. A 38 wata uku ba ƙaramin abu ba ne. Kuma a kula da gwajin AMH da ake ta yayi: yawan ƙwan da ya rage yake nunawa, ba kyansa ba. Na ga wadda aka ce mata nata ya yi ƙasa ta yi sati tana kuka, wata huɗu ta dawo awo.

Mai tambaya, ina da tambaya. Bayan ɓarin na biyu an yi miki wankin ciki? Kuma yaya al'adarki take tun daga lokacin?

Uwar Zaure: Ta ce: "An yi, a wani ƙaramin asibiti kusa da mu, har sau biyu don na farkon bai fita duka ba, na yi zazzaɓi bayan nan. Al'adata da kwana biyar take, yanzu kwana ɗaya ce, ko audugar kirki ba ta ɓatawa, sai ciwon mara. Na ɗauka shekaru ne. Mai maganin ma ta ce alamar batirin ke nan."

Ungozoma, Bajoga: Innalillahi. Likita, kin ji.

Adda Likita: Na ji. 'Yar uwa, ba zan yanke miki ciwo ta waya ba, amma wannan ba a kwalba za a nemi amsarsa ba. Jinin da ya ragu haka daga wankin ciki, balle sau biyu da zazzaɓi, abu na farko da muke nema shi ne ko bangon mahaifa ya manne da juna saboda tabo. In haka ne, ko ƙwan 'yar 20 aka kawo ba shi da inda zai kwanta. Kuma sau da yawa ana iya raba mannewar ta ƙaramar kyamara da ake shigarwa ta bakin mahaifa, ba a yanka ciki ba. Ki je asibitin koyarwa na tarayya ko na ƙwararru, ki nemi ɓangaren likitocin mata, ki faɗa musu daidai yadda kika faɗa mana: kwana biyar ya koma ɗaya, bayan wanki biyu. Za su so hoton mahaifa na HSG, wanda ake zuba ruwa a ɗauka, yana nuna cikin mahaifar da bututun duka. Saboda ɓari biyun kuma a duba suga, da maƙoƙo, da gwajin daskarewar jini. Maigida ya kawo tasa takardar. Shekarunki na nan a lissafi, ban cire su ba, ɓarin ma mai yiwuwa daga ƙwan ne. Amma shirun wata 8 ɗin nan sai an leƙa mahaifa.

'Yar Bolari: To ni dai ban san da wannan ba. In haka ne ta fara zuwa asibitin. Amma ana iya haɗawa ai.

Mai Kemis, Jekadafari: Ba kya gajiya.

Uwar Zaure: Bayan kwana tara, ga saƙonta: "Adda, ki gaida min mutanen zaure. Na kwashi adashin, na je. Sun ba ni ranar hoton, sun ce sai jinin ya ɗauke, tsakanin kwana na 7 da na 10 daga fara al'ada. Suga lafiya. Maigida na bi shawarar Goggo, na ce likita ta ƙi taɓa fayil ɗina. Ya yi faɗa ya ce likitocin yanzu ba su da kunya, amma ya karɓi 'yar robar gwajin maniyyin ya sa a aljihun babbar riga, yau kwana uku tana nan bai kai ba. Mai kwalba ta kira ni sau huɗu, ta sauko dubu 60. Tambayata, hoton nan da zafi? An tsorata ni."

Ungozoma, Bajoga: Kamar ciwon mara mai ƙarfi ne, minti kaɗan. Ki tambaye su maganin ciwon da za ki sha awa ɗaya kafin nan, ki tafi da auduga da zane na biyu, kuma kada ki je ke kaɗai. Shi kuma ki gaya masa ana son kwana biyu zuwa bakwai ba kusanta kafin a bayar, kuma a kai cikin awa ɗaya. Kada ya bar ta a mota cikin ranar Gombe ya tafi Azahar.

Goggon Yara, Kumo: Robar nan ki cire ta daga aljihun kafin a kai rigar wanki. Ki ajiye masa kusa da makullin mota.